Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Ruwan Sha A Makarantun Karkarar Matameye

Duk wanda ya taso daga Daura ya bi ta Kwangwalam, ya tsallaka iyaka a Ɗan Barto ya kama hanyar Matameye, abin da zai fara jan hankalinsa shi ne itatuwan gawo da suka cika gonaki hagu da dama, sai kuma fadamun rake da na kayan lambu da zai riƙa hangowa jefi-jefi. Baƙon da ya saba jin cewa Jamhuriyar Nijar hamada ce zalla, sai ya yi tsammanin direba ya yi ɓatan kai. Wannan yanki, wanda a hukumance yau ake kira gundumar Kance a jihar Damagaram, mai hedikwata a Matameye, yana cikin wuraren da suka fi yawan jama'a a ƙasar, domin ƙidayar 2012 ta nuna yana da mutum kusan 400,000. Ƙananan hukumomi tara ne a cikinsa, ɗaya daga ciki ita ce Dawce, wadda ke dab da iyakar Nijeriya.

To, a irin wannan wuri mai albarkar ƙasa, mai karatu zai ɗauka cewa maganar ruwan sha a makaranta ba abin tsayawa a kai ba ce. Sai dai kuma da zarar an shiga watan Afrilu, rana ta take, zafi ya haura digiri 40, za ka ga yara sun nufi lakwal, kamar yadda mutanen can ke kiran makarantar boko, kowa rataye da 'yar gorar roba da aka ƙulla wa igiya. Wanda bai zo da tasa ba, ko dai ya roƙi kurɓi wajen aboki, ko kuma ya nemi izinin mushe ya tafi gida shan ruwa. Duk malamin ƙauye ya san cewa yaron da ya tafi gida shan ruwa da hantsi, sai dai a yi masa sai gobe.

Ba ƙarancin ruwa ba ne

A birnin Damagaram, wanda bai kai kilomita 100 daga Matameye ba, matsalar daga ƙasa take. Garin a kan dutse yake zaune, shi ya sa tun zamanin Turawa ake fama, hasali ma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Daga baya sai da aka riƙa janyo wa garin ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram.

A kudu kuwa labarin daban ne. Kwarin Korama ya ratsa ƙasashen Kance da Mirya da Magarya, kuma a fadamunsa akwai inda ba a yin gaba biyar ake cim ma ruwa. Abin da ya sa rake ke yi ke nan. A kan tudu akan ƙara zurfi, amma dai ruwan yana nan. To amma ruwan da ke kusa da hannu, kusa yake da ƙazanta. Ƙasar yashi ce, duk abin da aka zubar a sama ba ya daɗewa yake tsiyaya ƙasa, ko na masai ne, ko na turken dabbobi, ko takin zamanin da aka watsa a lambu. Saboda haka tambayar da ke gaban makaranta a Dawce ko Tsauni ko Dungu ita ce yadda za a fito da ruwan da tsabta, da yadda za a ci gaba da fito da shi shekara da shekaru bayan masu bikin buɗewa sun kwashe kujerunsu sun tafi.

Mu ɗan yi lissafi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 game da makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ta ce kowane ɗalibi da kowane malami a makarantar jeka-ka-dawo yana bukatar lita 5 a rana, don sha da wanke hannu da 'yan goge-goge. A ce makaranta na da yara 300. Lita 1,500 ke nan, wato jarka 60 mai cin lita 25, a kowace ranar karatu. Famfon tuƙa-tuƙa mai lafiya zai bayar da wannan cikin kamar awa biyu. Amma idan daga rijiyar gari za a ɗebo a ka, to an sallami aji guda ke nan daga karatu, kuma ba sai an faɗa wa mai karatu ko su wa za a tura ba. 'Yan mata ne. Su ne suka yi ɗiban gida da asuba, su ne kuma za su cika randar makaranta. Idan yarinya ta fara girma ta soma al'ada, a makarantar da babu ruwa babu makewayi mai ƙofa, sai ta riƙa fashin kwana uku ko huɗu a wata, daga nan kuma iyaye su ce dama can karatun bai karɓe ta ba.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Rahoton haɗin gwiwa da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun UNICEF suka fitar a 2018 ya ce a shekarar 2016 yara kusan miliyan 570 a duniya ba su da ingantaccen ruwan sha a makarantunsu, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi tsanani. A Nijar akwai ƙarin nauyi, domin dubban azuzuwa na zana ne da kara, irin waɗanda gobara ta cinye da yara a ciki a Yamai cikin Afrilun 2021 da kuma Maraɗi cikin Nuwamban shekarar. Hukumar da ke neman abin da za ta rufa aji da shi, da wuya ta sa rijiya a sahun gaba.

Rijiya iri-iri ce

Rijiyar gargajiya, wadda ake tokare bakinta da itace, kowa ya san halinta: tana rushewa da damina, tana ƙafewa da bazara. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Nijar ta kafa hukumar OFEDES a 1963, wadda ta yi suna wajen gina manyan rijiyoyin siminti masu faɗin baki, kuma har gobe akwai rijiyoyinta da ake sha a ƙauyuka da dama. Ƙarfin irin wannan rijiya shi ne babu abin da zai lalace a cikinta, muddin akwai guga da igiya. Rauninta kuwa shi ne ita igiyar kanta. Ka tsaya bakin rijiya ka duba: ana jawo igiya tana faɗawa ƙasa cikin caɓi, inda jakuna da awaki suka tattake suka yi kashi, sannan a sake zura ta cikin ruwan. Kowane gida da nasa guga, kowane guga da inda ya kwana. Ga ƙurar hunturu, ga ƙadangaren da zai faɗa, ga uwa-uba haɗarin buɗaɗɗen baki a harabar da yara 'yan shekara bakwai ke guje-guje. Don haka rijiyar makaranta dole ta zama rufaffiya da marfin siminti, da daɓe kewaye da ita, da magudanar da za ta kai ruwan da ya zube can nesa, sannan a ɗora mata famfo.

Daga nan sai rijiyar burtsatse, wadda a Nijar ake ce wa foraji. A kanta ake kafa famfon hannu irin India Mark II, ko na ƙafa ƙirar Vergnet na Faransa, wanda ake takawa kamar feda, kuma ya yawaita a ƙasashen renon Faransa. A wuraren da ruwa ke kusa, ba lallai sai an kira babbar motar haƙa ba, akwai masu haƙa da hannu da suka ƙware tun daga aikin rijiyoyin lambu, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na mota ba. Sai kuma na yayi a yanzu, wato burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki a sama da kawunan famfo a ƙasa. Shi ne kowa ke so, shi ne kuma ya fi kyau a hoto.

Wani hanzari ba gudu ba, zurfin rijiya da garai-garai ɗin ruwanta ba su ne shaidar lafiyarsa ba. Mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, sun ga haka da idonsu. A 1985 aka haƙa wa garin burtsatse mai zurfi, ruwa ya fito fes, jama'a suka yi murna. Ashe yana ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da ninki uku na miligiram 1.5 a kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Shekaru kusan 15 ana sha, haƙoran yara suka rine, ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe, wasu suka nakasa har abada. Sai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, da takwararta ta duniya, FIDH, suka fitar da rahoto a 2002 sannan duniya ta ji labarin sosai. Yara ne suka fi jin jiki domin ƙashinsu ne ke kan girma. Saboda haka duk wanda zai haƙa wa makaranta rijiya, kafin yaro ko ɗaya ya kai baki, a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji, a karɓo takarda, a ajiye kwafi a ofishin darakta. Kuɗin gwajin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin haƙar, amma shi ne abin da aka fi saurin tsallakewa idan ɗan kwangila na gaggawa.

Macijin Kusugu na zamani

Tun muna yara ake ba mu labarin rijiyar Kusugu ta Daura, maƙwabciyar wannan yanki, da macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. To a yau macijin da ke tsare rijiyoyin karkara bai fi tafin hannu ba. Wata 'yar roba ce da ke cikin silinda, ko sarƙa, ko ƙusa, ko boris. Idan ta cinye, famfon da aka kashe miliyoyin sefa a kansa sai ya tsaya cik, kuma shi ko Juma'ar ba ya bayarwa. Alƙaluman da ƙungiyar masana ruwan karkara ta RWSN ta tattara a 2009 daga ƙasashe 20 na Afirka sun nuna kashi 36 cikin 100 na famfunan hannu ba sa aiki. Binciken da aka yi daga baya ya sauko da adadin zuwa kamar ɗaya cikin huɗu, wanda shi ma ba abin alfahari ba ne.

Na taɓa tsayawa a wata makarantar ƙauye, ba zan kama suna ba, na tarar da famfo an ɗaure hannunsa da tsumma, akuya na kwance a inuwar allon da ke ɗauke da sunan waɗanda suka bayar da taimakon da ranar da aka buɗe. Fentin allon ko dishewa bai yi ba. Na tambayi ko nawa gyaran zai ci, adadin da aka faɗa mini bai kai kuɗin buhun gero ba. Na tambayi wa ya kamata ya biya, sai aka shiga kallon-kallo. Malamai suka ce na gari ne, mutanen gari suka ce na makaranta ne, wani dattijo kuma ya ce na Turawan da suka kawo ne, kuma sun yi alkawarin dawowa.

Anan ne gizo ke saƙar. Famfon makaranta ya fi na gari saurin zama maraya, kuma dalilan a bayyane suke. Na farko, shekarar karatu a Nijar daga Oktoba take zuwa Yuni, wata uku na damina makaranta kango ce, babu mai gadi, sau da yawa babu ko katanga. Lokacin ne ake kwance faifan sola, lokacin ne yara masu kiwo ke lilo da hannun famfo. Na biyu, malamin ƙauye baƙo ne. Da yawansu 'yan kwantaragi ne, bana yana nan baɗi an mayar da shi wani gari, ya tafi da abin da aka koya masa game da famfon, wani lokacin har da lambar wayar makanike. Na uku kuma, wanda ya fi duka, makaranta ba ta sayar da komai. Ba ta da kuɗin shiga da za ta ce ga na gyara.

Sai kuma rikicin da ba a cika faɗa a rahoto ba. Idan aka haƙa burtsatse mai daɗin ruwa a harabar makaranta alhali matan gari na jan guga a rijiya mai gaba goma, aka ce na ɗalibai ne kaɗai, to an shuka gaba. Ko dai a fasa kwaɗon da dare, ko a zuba ido ranar da ya lalace. Idan kuma aka bar shi a buɗe ga kowa kyauta, daga asuba har isha ana tuƙi, ga amalanken shanu da jarkoki, ga hayaniya a bakin taga ana karatu, famfon da aka yi wa lissafin yara 300 ya koma ɗaukar gari guda. Kafin shekara ta zagayo ya kwanta.

Abin da gawo ya koya

Ba sai an je nesa neman misali ba, domin amsar na tsaye a gonakin yankin. Waɗannan itatuwan gawo da muka ambata da farko ba wata ƙungiya ce ta dasa su ba. Bayan farin 1984, manoman Magarya da Matameye da Mirya suka shiga barin tohon da ya fito da kansa a gona, suna sassabe shi suna renonsa. Binciken da masana suka yi wajen 2006 ya kiyasta cewa a waɗannan gundumomi uku kaɗai an farfaɗo da kimanin eka miliyan ɗaya ta ma'aunin hekta, a ƙasar baki ɗaya kuwa ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. A daidai wannan zamani an kashe maƙudan kuɗi wajen dashen itatuwa na hukuma, mafi yawansu suka mutu. Bambancin shi ne, a da manomi na ganin itace na jami'in gandun daji ne, ko reshe ya sara sai a ci shi tara. Da ya tabbata cewa wanda ya rena a gonarsa nasa ne, ganyen na dabbobinsa ne, takin na geronsa ne, sai ya tsare shi kamar ɗa. Dokar gandun daji ta 2004 ta zo ta ƙarfafa masa gwiwa.

A ganina rijiyar makaranta haka take bukata, a san mai ita tun kafin a sa diga. Kuma tsarin da za a jingina da shi yana nan. Makarantun firamaren Nijar na da kwamitin gudanarwa da ake kira COGES, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa CGDES, da ya haɗa iyaye da malamai. Hukumar JICA ta Japan ta fara tallafa wa wannan tsari a jihar Tawa a 2004, ya shigo Damagaram, sannan ya game ƙasa. Waɗannan kwamitoci su ne ke tara kara su kafa azuzuwan zana duk bayan girbi, ke nan sun saba da karo-karo. Akwai kuma ƙungiyar iyaye mata a makarantu da yawa. Dokar ruwa ta ƙasar, ta ranar 1 ga Afrilun 2010, ta amince cewa kowa na da haƙƙin samun ruwa, ta kuma ce mai amfani da shi ya bayar da nasa kason wajen ɗaukar nauyinsa. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar ruwan karkara da ilmin firamare. Ke nan a takarda, rijiyar makarantar da ke ƙasar Dawce tana ƙarƙashin ofishi guda ne ta fuska biyu.

Tsarin da na fi gamsuwa da shi mai sauƙi ne. A yi rijiya guda mai baki biyu: kan famfo ɗaya a cikin makaranta, ɗaya a waje ta ɓangaren gari. Na waje a sayar da jarka a kan farashin da taron gari ya yanke, na ciki kuwa kyauta ne ga yara, a rubuta haka a takarda gaban maigari da wakilin ƙaramar hukuma. A ce ana sayar da jarka 100 a rana a kan dala biyu-biyu, wato sefa 10, jaka guda ke nan kullum, jaka 30 a wata. A cire ladan mai tsaron famfo, saura a zuba a asusu mai sa hannun mutum biyu, kuma ɗayansu ta kasance mace, domin ranar da famfo ya tsaya ita ce za ta koma jan guga, ba maigida ba. Da haka ko makaranta na hutu akwai mai buɗewa da rufewa, akwai kuma abin kiran makanike. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na san akwai masu cewa sayar da ruwan rijiyar da aka yi don Allah bai dace ba, musamman da yake yawancin masu haƙa wa makarantu da masallatai rijiya a ƙasar Hausa sadaka mai gudana suke nufi, wasu don iyayensu da suka rasu. Niyyar tana da kyau ƙwarai. Amma sadakar na gudana ne muddin ruwan na gudana. Mai niyyar alheri da ya ware wani kaso na kuɗin don gyara, ko ya haɗa rijiyar da 'yar gona ko shago a matsayin waƙafi, ya fi wanda ya haƙa uku ya tafi bai waiwayo ba. Attajiranmu na Kano da Katsina da Maraɗi da ke irin wannan aiki, da 'yan siyasar da ke raba burtsatse a Mai'aduwa da Zango da Ɓaure ta wannan ɓangaren iyaka, duk maganar ta shafe su.

Daga bakin famfo zuwa bakin yaro

Ko an samu rijiya mai kyau, da sauran rina a kaba. Ruwan da ya fito da tsabta yana iya gurɓata a cikin randar aji, inda yara 60 ke tsoma moɗa guda da hannun da ba a wanke ba. Maganin wannan ba tsada gare shi ba: bokiti mai marfi da ɗan famfo a gindinsa, ko ƙwayar Aquatabs da ake jefawa a jarka, da sabulu ko toka a bakin makewayi. Shi kuma makewayin a nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30, kuma ta gangare, ba ta sama ba, balle a ƙasa mai yashi irin ta Korama.

Akwai darasi a nan daga yaƙi da ciwon idon amodari, wanda ya daɗe yana addabar jihar Damagaram, har ma tsakanin 2010 da 2013 aka gudanar da babban bincike kan rabon maganinsa a gundumar kiwon lafiya ta Matameye. Kafin nan, wasu masana daga Nijar da Amurka sun yi gwaji a yankin Kornaka na jihar Maraɗi, inda aka haƙa wa wasu ƙauyuka rijiyoyi, aka bar wasu sai daga baya. Sakamakon da suka buga a 2010 ya nuna cewa bayan shekara biyu babu wani bambancin a-zo-a-gani a yawan cutar tsakanin ɓangarorin biyu. Ruwa ya zo, amma bai kai ga fuskar yaro yadda ake bukata ba. Makaranta kuwa ita ce wurin da ake iya mayar da wanke fuska da hannu ya zama ɗabi'a, idan malami na da ruwan da zai nuna da shi.

Kada kuma a ce ba a taɓa cin nasara ba. Wanda ya haura shekara 40 a wannan yanki ya san kurkunu, ya san yadda take kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar damina. Binciken ƙasa na 1991 ya gano sama da mutum 30,000 masu ɗauke da ita a Nijar, kuma jihar Damagaram na kan gaba. Da rijiyoyi, da ƙyallen tace ruwa, da 'yan sa-kai na ƙauye da ke bi gida-gida aka kore ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijar da Nijeriya takardar shaidar rabuwa da ita a Disamban 2013. Amai da gudawa kuwa bai tafi ba. Ya ɓarke a Madarunfa a 2018, ya dawo a 2021 ya kama sama da mutum 5,000 a ƙasar, ya kashe fiye da 150, kuma Damagaram da Maraɗi na cikin inda ya fi yin ɓarna.

Wa zai biya yanzu?

Shekaru da dama ƙasar Denmak na cikin manyan masu tallafa wa aikin ruwan karkara a jihohin Damagaram da Difa, kuma shirin gwamnati na PROSEHA, na 2016 zuwa 2030, an gina shi ne da sa ran gudummawar ƙasashen waje. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Tarayyar Turai da Faransa da wasu ƙasashe suka dakatar da tallafi, Nijeriya ta rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, abin da ya taɓa duk mai sayen bututu ko kayan famfo daga kasuwannin Kano. A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi suka naɗa kantomomi. A 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta USAID. Ko mutum na goyon bayan waɗannan matakai ko yana adawa da su, sakamakonsu a bakin famfo guda ne: Baturen da dattijon nan ke jira ya dawo da 'yar roba, zai daɗe bai gan shi ba.

Don haka ga duk wanda ke da niyyar yi wa wata makaranta rijiya a Dawce ko maƙwabtanta, ko ƙungiyar 'yan asalin gari ce mazauna Yamai da Kano da Legas, ko mutum ɗaya ne, zama da kwamitin makaranta da maigari ya riga kiran mahaƙa. A tambayi irin famfon da makaniken yankin ya iya gyarawa, wanda kuma ake samun kayansa a Matameye ko Damagaram, a sayi irinsa ko da wani ya fi shi kyan gani. A sanar da ofishin ma'aikatar ruwa na gunduma don rijiyar ta shiga rajistarsu. Sannan a lura da lokaci. Rijiyar da aka haƙa a Oktoba ko Nuwamba, ƙasa na cike da ruwan damina, tana iya yaudarar mai ita, a tsaya da haƙa da wuri, Maris na yi ta fara bayar da laka. Tsofaffin mahaƙa a Afrilu da Mayu suke ƙarasa rijiya, lokacin da ruwa ya ja baya iyakar ja, kuma ko sun cim masa sai sun ƙara zoben siminti biyu ko uku a ƙarƙashinsa kafin su fito.